Rigimar haƙƙin nuna ƙwallo da harshen da aka manta

A Janairun 2024, ana saura kwanaki a fara gasar cin kofin Afirka, kamfanin MultiChoice ya sanar cewa SuperSport ba za ta nuna wasannin ba, domin haƙƙin watsawa na hannun New World TV ta Togo. Daga bisani suka sasanta. Irin wannan jayayya kan kuɗi take tsayawa, harshen mai kallo ba ya shiga lissafi. A gidajen kallon Agadas, da Faransanci sharhin Canal+ ke zuwa, wanda bai yi boko ba sai hoto. Tun 2025 Hausa ce harshen ƙasa a Nijar. Ya kamata hukuma ta sharɗanta sharhin Hausa cikin lasisin watsawa, mu kuma ɗaliban harshe mu daidaita kalmomin wasan.