"Ƙyale shi, zai yi magana": Maganar da ke cinye shekarun yaranmu

Babu gidan Bahaushen da ba a taɓa faɗin ta ba. Yaro ya shekara biyu bai ce "Mama" ba, uwa ta fara damuwa, sai kaka ta ce, "Ke 'yar nan, ƙyale shi, ubansa ma sai da ya shekara uku." Idan ya kai huɗu shiru, sai zance ya koma kan iska ko sammun kishiya, a fara yawon rubutu da hayaƙi. Da kyakkyawar niyya ake wannan haƙurin, amma yana cutar da yara, kuma lokaci ya yi da za mu daina kare shi.

Gaskiya ne wasu yaran suna da nauyin baki kawai, daga baya su sake. To amma dubi wannan yaron da kyau. A kira sunansa sau biyar bai waiwayo ba, amma da ya ji ƙarar buɗe ledar biskit daga ɗaki sai ya taho a guje. In yana son ruwa ba ya nuna randa da yatsa, sai ya kama hannun uwarsa ya ɗora a kan murfin, ba tare da ya dubi fuskarta ba. Yakan jera marafan kwalba a layi na tsawon lokaci, wanda ya taɓa ɗaya ya jawo kuka mai tsanani. An tayar da injin markaɗe, ya toshe kunnuwa. Waɗannan alamu ne na larurar galahanga, kuma sau da yawa ana iya lura da su kafin yaro ya cika shekara biyu.

Masu cewa wannan ciwon Turawa ne su sani cewa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta kusan yaro 1 cikin 100 na da ita a faɗin duniya. A Amurka, inda ake bincike sosai, alƙaluman 2022 sun nuna 1 cikin 31. Bambancinmu da su shi ne su suna dubawa. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta ba da shawarar a tantance kowane yaro a wata 18 da wata 24. Takardar da aka fi amfani da ita, M-CHAT-R, tambayoyi 20 ne kacal da uwa za ta amsa da "e" ko "a'a" cikin 'yan mintuna. Ba ta yanke hukunci, tana nuna wanda ya kamata a tura wa likita ne, a fara da gwajin ji.

Sai a ce, tunda larurar ba ta warkewa, mene ne amfanin sani? Wannan ce hujjar da ta fi ɓata mini rai. Yaron da aka gano da wuri ana iya koya masa hanyar faɗin buƙatarsa, da baki ko da hoto ko da ishara, tun ƙwaƙwalwarsa na saurin ɗauka. Uwar da ta san abin da ke damun ɗanta za ta daina dukansa da sunan taurin kai, za ta daina sayar da akuyarta don biyan mai magani, dangin miji kuma su daina zarginta. Hukumar Lafiya ta Duniya ma tana da shirin horar da iyaye su yi wannan aikin a gida, cikin wasa da hidimar yau da kullum.

Laifin bai tsaya kan kakanni ba. Tun Janairun 2019 aka sanya hannu kan dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman a Najeriya, amma uwar da ke ƙauye har yanzu sai ta nemi kuɗin mota zuwa Asibitin Koyarwa na Aminu Kano ko asibitin ƙwaƙwalwa na Kaduna kafin ta ga wanda ya san larurar. Alhali hanya na nan a buɗe. Mata na kai yara allurar ƙyanda ta biyu a wata 15, ana kuma gudanar da makon lafiyar mata da ƙananan yara sau biyu a shekara, duk dama ce ta tantance yara.

Kwamishinonin lafiya na jihohinmu, ku sa a fassara waɗannan tambayoyi 20 da Hausa, ku horar da ma'aikatan asibitocin sha-ka-tafi, ku ƙara ziyarar wata 18 a katin awon yara. Ke kuma uwa, idan kin kira ɗanki bai waiwayo ba har abin ya tsaya miki a rai, ki kai shi asibiti a wannan makon.