Azurfar da Ake Zubarwa a Kwata

Kafin kyamarar wayar hannu ta yi yawa, a gari irin Illela, da ke kan iyakar Nijeriya da Nijar daura da Birnin Ƙonni, duk mai neman katin shaida ko hoton biki sai ya bi ta shagon mai hoto. Da an gama wanki, sai yaron shago ya kwarara tsohon ruwan a kwata. Abin da bai sani ba shi ne, azurfa yake zubarwa.

Ga yadda abin yake. Fuskar fim shafe take da gishirin azurfa, wanda haske ke sauyawa. Wajen wanki, ruwan da ke kafe hoto shi ke narkar da duk gishirin da haske bai taɓa ba, ya riƙe shi. Saboda haka lita ɗaya ta ruwan da ya sha aiki takan ƙunshi giram kaɗan na azurfa. Fitar da ita kuwa ba ta bukatar digiri. In aka bar ruwan ya ratsa soson ƙarfe, sai ƙarfen ya narke, azurfar ta kwanta kamar baƙin taɓo, a tace, a kai wa mai narkarwa. Manyan wurare da lantarki suke yi.

Wani zai ce ai zance ya wuce, tunda kamfanin Kodak kansa ya bayyana karyewarsa a 2012. Gaskiya ne shagunan hoto sun koma kwamfuta, amma duk asibitin da bai daina wanke hoton ƙashi da ruwa ba, wannan dukiya na nan a jarkarsa, da kuma cikin tsofaffin fina-finan da ke jibge a sito. Abin takaici ne a ƙasar da maƙeran fari suka daɗe suna narka tsofaffin kuɗin azurfa don ƙera mundaye da zobba.

Ya kamata hukumomin lafiya su tanadi wuri guda da za a riƙa tara ruwan da fina-finan, a sayar wa masu lasisi. Sai dai kada a bari aikin ya koma tsakar gida, domin ƙona fim na fitar da hayaƙi mai guba. A 2010 yara fiye da 400 suka mutu a Zamfara saboda gubar dalma, bayan an riƙa niƙa duwatsun zinariya a cikin gidaje.