Tafin da Ke Hana Matasa Ƙwarewa a Kan Allon Arduino

Lokaci zuwa lokaci hoton wani matashi kan karaɗe Facebook, yana riƙe da kwali cike da wayoyin lantarki, ana cewa ya ƙirƙiro na'urar ban ruwa mai sarrafa kanta. Nan take yabo ya ɓarke, wasu har su nemi gwamnati ta gina masa masana'anta. Sau da yawa abin da ke cikin kwalin allon Arduino ne, da ma'aunin danshin ƙasa, da umarnin kwamfuta da aka kwafo daga intanet ba a sauya ko harafi ɗaya ba. Wannan yabon cutarwa ne, kuma matashin ne farkon wanda yake cutarwa.

An samar da Arduino a shekarar 2005 a wata makarantar koyon tsara kayayyaki da ke garin Ivrea na ƙasar Italiya. Massimo Banzi da abokan aikinsa sun ɗora shi a kan Wiring, aikin ɗalibi Hernando Barragán, domin waɗanda ba injiniyoyi ba su samu abin koyo mai araha. Da gangan suka bar zanen allon da manhajarsa a buɗe ga kowa. Saboda haka kwafa ba sata ba ce, darasin farko ne. Ma'ajiyar ƙwaƙwalwar ATmega328P da ke kan samfurin Uno tana jure gogewa da sake rubutu har sau 10,000. Kamar allon almajiri ne: a rubuta, a wanke, a sake. Ba a yi wa yaro walimar sauka ranar da ya fara babbaƙu.

Ilimin yana farawa ne ranar da na'urar ta bar teburin baje koli ta shiga gona. Kowace ƙafar Uno an tsara ta ne ta ba da wutar da ba ta wuce miliamfiya 20 ba, wadda ke kunna ƙaramar fitila amma ba ta juya famfo, sai an haɗa da makunni na daban da kariya daga wutar da ke komowa baya. Ma'aunin danshi mai araha, mai ƙarafa biyu tsirara, tsatsa ke cinye shi idan ya zauna a jiƙaƙƙiyar ƙasa. Ma'aunin zafi na DHT11 iyakarsa digiri 50, alhali akwatin roba da aka rufe a ranar Afrilu ta Sakkwato ko Maiduguri yana iya zarce haka. Agogon cikin allon kuma yakan koma sifili bayan kusan kwana 50, ya rikita duk umarnin da bai yi tanadin hakan ba. Wanda ya yi karo da waɗannan matsaloli ya warware su, shi ne injiniya. Wanda aka naɗa gwani tun a makon farko ba shi da dalilin zuwa nan.

Masu kare wannan ɗabi'a sukan ce yabo ƙarfafa gwiwa ne. Amma ƙarfafa gwiwa na gaskiya yana da tsada fiye da tafi. A 2016 BBC ta raba allon micro:bit kyauta ga yara kusan miliyan ɗaya 'yan shekara 11 zuwa 12 a Birtaniya, ba don a kira su masu ƙirƙira ba, sai don su saba da gwaji da kuskure.

Aikin da ke kan malamai, 'yan jarida da alƙalan gasa bai fi tambayoyi uku ba. Me aka sauya daga ainihin abin da aka kwafo? Kwana nawa na'urar ta yi tana aiki a waje? Me ya lalace, kuma yaya aka gyara shi? Matashin da ya iya amsa su ya cancanci jari. Wanda ya kasa, a ba shi kayan aiki da malami, a bar shi ya koma kan allonsa.