Gyaran Tsohon Gida da Dalmar da ke Jinin 'Ya'yanmu



Duk wanda ya tashi a Zangon Kumasi ya san kamannin gidajenmu idan Sallah ta ƙarato. Daga Aboabo zuwa Asawase, daga Yalwa zuwa Sabon Zango, za ka ga an jingina tsani, an fito da gwangwanayen fenti. Ana saura kwana kaɗan Sallar da ta wuce na shiga wani tsohon gidan haya gaisuwa, na tarar da mai fenti yana kankare tagar katako da wuƙa da burushin waya. Fentin hawa-hawa ne: kore a sama, shuɗi a ƙarƙashinsa, can ciki kuma wani rawaya da na tabbata ya girmi mai kankarar. Garin yana zuba a dandamali kamar ana tankaɗe. Taku uku daga nan wata yarinya mai rarrafe ta yar da ƙosanta, ta ɗauka, ta mayar baki. Babu wanda ya ce uffan, har da ni, domin a idonmu gyara ake yi.

Tambayar da sharhinmu na yau zai bi ke nan: idan aka gyara tsohon gida don a raba shi da gubar dalma, dalmar da ke jinin yaran gidan tana raguwa kuwa?

Ga dalilin da ya sa tambayar ta shafe mu. A 2023 aka fitar da sakamakon gwajin jini da Hukumar Lafiya ta Ghana ta yi tare da UNICEF da ƙungiyar Pure Earth. An gwada yara 3,227 a yankunan Accra da Ashanti da Arewa, wasunsu daga unguwannin da ke kusa da wuraren fasa batir. Fiye da rabinsu sun kai ko sun wuce lamba 5 a ma'aunin likitoci, wato maikurogiram 5 a kowace desilita ta jini, matakin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a tashi a nemo inda gubar take fitowa. Yaron da ke kan lamba 5 ko 10 ba ya zazzaɓi, ba ya kwanciya. Yana wasansa. Sai an kai shi makaranta a ga karatu ba ya zama, malam ya ce ba shi da kai, uwa ta ce ƙiriniya ce.

Amurkawa sun fi kowa daɗewa a kan wannan tambaya, saboda tsofaffin gidajensu cike suke da fentin dalma, wanda ba su hana ba sai a 1978. Abin da suka fara koya mai ɗaci ne. A birnin Baltimore, binciken da Farfel da Chisolm suka wallafa a 1990 ya nuna cewa tsohuwar hanyar gyara, ta ƙona fenti da wuta a kankare shi a bushe, ƙara ƙurar dalma take yi a ɗaki, har jinin yara da dama ya hau bayan an gama aikin. Gyaran gangar Auzinawa ke nan. Kuma shi ne ainihin abin da na tsaya ina kallo a wancan gida.

Da suka sauya salo, suka riƙa fitar da iyali, su rufe ko'ina da leda, su cire tsofaffin tagogi gaba ɗaya, su goge ɗaki, sannan su auna ƙura kafin a dawo da yara, sai labari ya sauya. A babban binciken da aka yi kan gidajen da ma'aikatar gidaje ta Amurka ta biya kuɗin gyaransu, dalmar jinin yara ta ragu da kashi 37 cikin 100 bayan shekara biyu. Sai dai a riƙe wannan lamba da hannu biyu, domin ko ba a taɓa gida ba dalmar jinin yaro takan kai ƙololuwa wajen shekara biyu, sannan ta fara sauka idan ya daina rarrafe da kai hannu baki. Wani kaso na raguwar aikin magina ne, wani kuma girma ne kawai.

Shara da wayar da kai fa? Nan ne maganar ba za ta yi wa wasunmu daɗi ba. Masu bita na Cochrane, waɗanda aikinsu shi ne tattara gwaje-gwaje su tace, sun sake duba batun a 2020, suka ce koyar da iyaye tsafta kaɗai, ko goge ƙura kaɗai, bai nuna yana rage dalmar jini ba. Dalili a fili yake. Muddin taga tana zubar da gari, tsintsiyar safe ba ta kai la'asar. Saboda haka a daina ɗora wa iyayenmu mata laifin da ba nasu ba.

Amma darasin da ya fi kusa da mu a ƙasar Hausa aka koye shi, a Zamfara. A 2010 likitocin ƙungiyar MSF suka lura yara suna mutuwa ba ƙaƙƙautawa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Yargalma da Abare. Maza suna haƙo dutsen zinariya mai ɗauke da dalma, a kawo shi gida, a daka a turmi, a niƙa a injin niƙan hatsi, a shanya a tsakar gidan da yara ke wasa. Yara fiye da 400 suka rasu. Akwai magani, ƙwaya ce da ke kama dalma ta fitar da ita ta fitsari, amma likitocin suka kafe a kan magana guda: ba amfanin wanke jinin yaro a mayar da shi ƙasar da ta sa masa gubar. Sai an gyara gida tukuna.

Gyaran kuwa ba na asiri ba ne. Da fartanya da shebur da buhu aka yi shi, kuma mutanen ƙauyukan ne suka yi, bisa jagorancin injiniyoyin TerraGraphics da ma'aikatar muhalli ta jihar. A kankare saman ƙasar gida, a kwashe a kai rami a binne, a kawo sabuwar ƙasa da aka auna a shimfiɗa, inda ba a iya haƙawa a daɓe da siminti. Gidaje sama da 800 a ƙauyuka takwas. Bagega, wadda ita ce mafi girma a cikinsu, sai a 2013 aka kai gare ta, bayan matasa irin su Hamzat Lawal sun matsa wa gwamnatin tarayya lamba ta saki kuɗin. Rahoton masu aikin ya nuna cewa matsakaicin dalmar yaran da ake ɗauka a fara yi musu magani ya sauko daga 149 zuwa 15 cikin shekara huɗu. Ku sake jin lambar: daga 149 zuwa 15. Amma inda aka koma shigo da dutse cikin gida, ƙasar ta sake gurɓata, aikin ya dawo sabo.

To me ya sa a Zamfara aka ga saukar da ko makaho zai shafa ya ji, a wasu gidajen Amurka kuwa sai an sa tabarau? Na farko, inda gubar ta yi yawa kuma tushenta guda ne, cire shi yana bayyana nan da nan. Na biyu, dalma ba ta zama a jini kawai. A jini takan ragu da rabi cikin kimanin wata guda, amma wadda ta shige ƙashi tana shekaru tana tsattsafowa. Yaron da ya shekara uku yana shaƙa, ko an mayar da gidansu sabo fil, jininsa a hankali zai sauka, kuma abin da ta taɓa a ƙwaƙwalwa ba ya dawowa. Wanda ya fi cin ribar gyaran shi ne ƙanensa da ke ciki, wanda bai fara rarrafe ba.

Yanzu mu dawo zango. A ganina, idan muka kwafi tsarin Amurka muka zuba wa bango ido kaɗai, za mu gyara gida mu bar guba. Man fetur mai dalma dai an daina sayar da shi a ƙasashenmu tun wajen shekara 20 da suka wuce, wannan ƙofa ta rufu. Waɗanda suka rage a buɗe suna cikin ɗaki. Akwai maigidan da ke aikin batir ko walda a Magazin ta Suame, ko sana'ar gwangwan a Dagomba Line, ya dawo da kayan aiki a jikinsa, yara su ruga su rungume shi. Akwai wanda ke fasa tsohon batir a bayan ɗaki. Akwai tukunyar da aka zuba da tarkacen ƙarfen mota, wadda maƙwabtanmu ke kira dadesen, ana dafa miya mai tsami a ciki.

Sannan akwai kwalli, wanda a nan ake ce wa cilo. Na san ina taka wuri mai santsi. Kakata da hannunta ta sa mini, kuma tozali abu ne mai asali a addini, ba mai musun wannan. Amma dutsen nan mai ƙyalli da ake niƙawa, sau da yawa shi kansa ma'adinin dalma ne. A 2025 Hukumar Abinci da Magunguna ta Ghana ta bayyana cewa fiye da kashi uku cikin huɗu na kwallin da ta gwada yana da dalmar da ta wuce ƙa'ida. Jariri ya murza ido, ya tsotsi yatsa, shi ke nan. Hajiya, don Allah kada garin neman gira a rasa ido.

Wata matsalar kuma ta gidan gado ce. Gida guda, magada goma sha, ɗakuna ashirin na haya, kowa na karɓar kuɗi, babu mai ɗaukar nauyin taga. Ɗan haya ya biya kuɗin shekara biyu a dunƙule, ba shi da ikon cire ko ƙusa. Wannan ba aikin uwa ɗaya ba ne. Magana ce ta Sarkin Zango da limamanmu a huɗubar Juma'a, da Majalisar Asokore Mampong, da masu sa ido kan fentin da ke shigowa kasuwa, domin ƙa'idar da duniya ta amince da ita ita ce kada dalmar fenti ta wuce kashi 90 cikin miliyan. Muna kuma roƙon Hukumar Lafiya ta kawo gwajin dalma wurin awon yara, inda iyaye mata suke zuwa da ma, don wanda bai auna ba bai san ko gyaransa ya yi aiki ba.

Kafin nan, mai gida, idan za ka sa a taɓa tsohon fentin mai a bana, fitar da yara da masu juna biyu tukuna. A jiƙa wurin kafin a kankare, kada a ƙona. A shimfiɗa leda, a naɗe ta da garin a fitar, a goge ƙasa da jiƙaƙƙen tsumma maimakon tsintsiya. Kai kuma ɗan'uwa mai aikin batir, bar kayan aikinka a wurin aiki, ka yi wanka kafin ka ɗauki ɗanka.