Allura Ba Awo Zalunci Ce!

Ya ku talakawa da 'yan kasuwa! Allurar hefarin ana yinta don hana jini daskarewa. Amma a jikin wasu, bayan kwana 5 zuwa 10, sai ta juya: ƙwayoyin tsai da jini, wato filatilet, su ragu da rabi, gudan jini ya toshe jijiyar ƙafa ko ta huhu. Awon jini a kai a kai ke tona wannan, a dakatar da allurar, a sake magani.

To, talaka ya nemi awo, sai a ce kawo kuɗi! Manya kuwa sai jirgi zuwa Ingila. Ina harajinmu? Mu dage sai awon ya zama kyauta. Ran talaka ba na kaza ba ne!