Wasiƙa Zuwa Ga Likitocinmu Masu Bincike Da Kuɗin Tallafi



Na san ma'aunin da ake auna ku da shi. Mai ba da tallafi, ko TETFund ce, ko NIH ta Amurka, ko Wellcome ta Ingila, abin da yake fara dubawa shi ne takarda nawa kuka wallafa, a wace mujalla, kuma sau nawa aka ambace ku. Jami'a ma da shi take ƙarin girma. Ban ga laifinku ba in kun kula da shi. Roƙona ɗaya ne: kada shi ya zaɓa muku abin da za ku bincika.

Ku dubi aikin da aka yi kan yara masu sikila a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, da haɗin gwiwar Jami'ar Vanderbilt. A ƙasashe masu hali, yaron da aka gano yana cikin haɗarin shanyewar ɓarin jiki ƙarin jini ake yi masa wata-wata. A nan ina jinin, ina kuɗin? Sai aka gwada maganin hydroxyurea a Kano da Kaduna, sakamakon da ya fito a 2022 kuma ya nuna ƙaramin awo ma yana kare yaran kamar matsakaici. Uwar da ke goye da yaronta a layin asibiti tun asuba, tana lissafin kuɗin mota, ita wannan binciken ya amsa wa. Takardun sun biyo baya da kansu.

Kada kuma ku manta da 1996, lokacin da aka yi gwajin maganin Trovan da ya shafi yara kusan 200 a Kano ana tsakiyar annobar sanƙarau. Tabon da wannan gwajin ya bari na cikin abin da ya sa aka ƙaurace wa rigakafin shan-inna a 2003. Don haka takardar amincewa ba ta dangwala yatsa ba ce kawai. Ku zauna ku yi wa iyaye bayani har su gane, ku kuma bar musu ikon cewa a'a.

Sannan ƙananan likitoci da ma'aikatan jinya da suka ɗebi jini, suka cike fom har dare, ku sa sunayensu inda ya dace, ku koya musu rubuta neman tallafi da kansu.

In aiki ya kammala, don Allah ku koma unguwannin da kuka ɗebo mutane, ku shiga rediyo, ku faɗa musu da Hausa abin da aka gano a jinin 'ya'yansu. Haƙƙinsu ne a kanku.

Wassalam.