Ƙarfen Rezo a Bayan Aji: Wa Zai Auna Tazara?

A wata makarantar firamare da na koyar a nan ƙasar Magaria, mun tafi babban hutu mun bar kangon fili a bayan katanga, inda yara ke buga ƙwallo. Da muka dawo a watan Oktoba sai muka iske ƙarfen anten tsaye a wurin, ya fi kowace bishiya a unguwar tsawo, gurup na ruri a gindinsa. Darekta bai san da zancen ba, shugaban kwamitin iyaye bai sani ba, mai unguwa kuma ya ce shi ma motoci kawai ya gani suna sauke kaya. Na je ma'aikatar magajin gari na tambaya ko akwai takardar da ta faɗi tazarar da ya kamata a bari tsakanin irin wannan ƙarfe da aji. Wanda na tarar ya dube ni ya ce: "Mushe, fili na mai shi ne, ya ba da haya. Kamfani kuma da izininsa ya zo daga Yamai. Mu mene ne namu a ciki?"

Wannan amsa ce ta sa na ɗauki alƙalami, domin ba daidai ba ce, kuma ƴaƴanmu ne ke zaune ƙarƙashin ƙarfen.

Kafin wani ya yi mini mummunar fahimta, ni mai son rezo ne. Ƙidayar 2012 ta samu mutane sama da rabin miliyan a gundumar Magaria, da sama da 350,000 a gundumar Dungass, wadda aka cire daga Magaria a 2011. Yau mun fi haka nesa ba kusa ba. Da waya ɗan ci-rani ke aiko wa uwarsa kuɗin hatsi daga Kano ko Legas, da ita ɗan kasuwa ke jin farashin riɗi da wake kafin ya ɗaura kaya, da ita ake kiran mota idan naƙuda ta yi gardama cikin dare. Har yanzu akwai ƙauyukan bakin iyaka da sai da layin Najeriya ake samun mutum. Ƙarin anten muke buƙata. Abin da nake tambaya shi ne a ina za a kafa shi, kuma wa zai duba.

Bari in fara da mu iyaye, don laifinmu ne ke buɗe wa wasu ƙofar tserewa. A makon da muka dawo, iyaye mata sun yi ta zuwa suna tambaya ko gaskiya ne anten na hana haihuwa, yana kawo ciwon daji, yana busar da ƙwaƙwalwar yaro. A WhatsApp suka ji. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da bayani a 2006 cewa babu gamsasshiyar hujjar da ta nuna raunanan igiyoyin rediyo da ke fitowa daga waɗannan turaku na cutar da lafiya. A 2011 cibiyarta mai binciken ciwon daji ta sa igiyoyin rediyo cikin rukunin abubuwan da "mai yiwuwa" ne su jawo cutar, amma binciken da ta fi dogara da shi a kan wayar da ake karawa a kunne aka yi shi. Duk malamin kimiyya na kwaleji ya san dalili: idan ka ninka nisa sau biyu, ƙarfin igiyar na raguwa zuwa kashi ɗaya cikin huɗu. Anten kuma can nesa yake harba saƙonsa, kamar tocila da aka haska gaba, wanda ke gindinsa kaɗan yake samu. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, idan waya ta yi nisa da anten sai ta ƙara ƙarfin da take fitarwa don a ji ta. Ke nan wanda ya kori anten daga gari ya ƙara wa wayar da ke kunnen ɗansa aiki ne.

Me ya sa na damu da wannan jita-jita? Saboda duk ranar da iyaye suka je gaban hukuma da zancen hana haihuwa, injiniya zai rushe shi cikin minti biyar, a yi dariya, a watse. Tambayoyin gaskiya kuma su koma gida ba a yi su ba.

Ga tambayoyin gaskiya. Ƙarfe mai tsawon mita 40, idan guguwar farkon damina ta tumɓuke shi, zai iya kaiwa duk abin da ke cikin mita 40 daga gindinsa. Ƙasarmu rairayi ce, kuma mun san yadda iskar Mayu da Yuni ke yaye kwanon makaranta. Wa ya duba zurfin tushen? Wa ke dawowa bayan shekara biyar ya duba tsatsa da kusoshi? Abu mafi tsawo a gari shi aradu ta fi nema, to wayar da za ta kai wutar cikin ƙasa tana nan, ko ɓarayin tagulla sun yanke ta? Gurup da ke aiki tun safe har dare a bayan tagar aji fa? Malamin da ke da yara tamanin ya san abin da ƙara ke yi wa darasin karatu. Tankin gazuwal kuma taku nawa ne tsakaninsa da ajin zana? Shingen yana da ƙarfin da zai hana yaro ɗan shekara tara hawa ya ɗauko ƙwallonsa?

Wanda ya ce ina zuzuta abu, ya tuna 2021. A watan Afrilu gobara ta kama azuzuwan zana a unguwar Pays-Bas ta Yamai, yara 20 suka rasu. A watan Nuwamba aka sake yi a Maraɗi, aka rasa yara aƙalla 25. Kowa ya san zana na cin wuta tun kafin ranar, amma sai bayan gobarar Maraɗi gwamnati ta hana sa ƙananan yara na rabin aji a irin waɗannan rumfuna. Allah ya jiƙan su. Mu dai kada mu jira irin wannan rana kafin mu rubuta ƙa'idar da ba ta wuce shafi ɗaya ba.

Yanzu ga amsar mutumin ma'aikatar magajin gari. Gaskiya ne hukumar ARCEP ce ke kula da kamfanonin sadarwa, Airtel da Moov Africa da Zamani Telecom da Niger Telecom, da zangon da kowa zai yi aiki a kai. Amma ARCEP ba ta san a wane lungu ajin zana yake a Bande ko Malawa ba, kuma ba a kafa ta don ta sani ba. Dokar ƙananan hukumomi ta 2010 ta ɗora wa magajin gari nauyin tsaron lafiyar jama'a da tsabta da kwanciyar hankali a cikin kwaminsa. Da aka rusa majalisun ƙananan hukumomi a Afrilun 2024, kantomomin da aka naɗa sun gaji kujera, sun gaji nauyin da ke kanta. Hasali ma yanzu da babu kansilan da mai unguwa zai tsare a bakin masallaci, nauyin ya ƙara taruwa a kan mutum ɗaya. Ma'aikatar da ba ta mantuwa da tikitin mai ƙosai ranar kasuwa, ba ta da bakin cewa ƙarfe mai nauyin tan da yawa a tsakiyar unguwa ya fi ƙarfin idonta.

Maƙwabtanmu sun riga mu. A Najeriya hukumar sadarwa ta NCC ta sa tazarar mita 5 tsakanin turken da gidaje, hukumar muhalli ta NESREA ta ce mita 10, suka daɗe suna jayayya a kai. A ganina duka biyun sun yi kaɗan idan makaranta ce a kusa, amma aƙalla akwai lambar da talaka zai riƙe ya kai ƙara. A Faransa, dokar 2015 ta wajabta wa kamfani ya kai wa magajin gari cikakken bayani kafin ya kafa anten, shi kuma ya buɗe wa mazauna unguwa su gani. Wannan ba ya buƙatar kuɗi, allon sanarwa ne da ƙusa.

Sai dai ina da wani tsoro, kuma na san halinmu. Ranar da aka ce ma'aikatar magajin gari ta sa ido a kan anten, ba ƙofar babban kamfani mai karɓar haraji zai fara ƙwanƙwasawa ba. Zai fara da gidan rediyon karkara da ke rayuwa da kuɗin sanarwar biki da cigiya, sai mai gidan kallo, sai malamin da ya ɗaure eriya a kan gora don ya kama labarai. Wannan zai zama zalunci da kuma asara. Ƙasar nan da rediyo ta yi karatun manya: tun 1962 aka kafa ƙungiyar kulob-kulob na masu sauraron rediyo, a 1999 kuma aka buɗe rediyon al'umma na farko a Bankilare. Akwai ma masu sha'awar rediyo a duniya da ke haɗa na'urarsu da hannu, su nemi lasisi, su yi magana da wata nahiya ta waya ɗaya da aka miƙe tsakanin sanda biyu. Alamar kiran Nijar a wurinsu da 5U take farawa. A Amurka, da ƙananan hukumomi suka matsa musu, hukumar sadarwa ta ƙasar ta yanke a 1985 cewa gari na da ikon sa ƙa'idar tsaro da tsawo, amma dole ya bar wa mai sha'awar rediyo hanyar yin aikinsa, kada ƙa'idar ta wuce abin da ake buƙata. Wannan ma'auni ya dace da mu. Ina fatan ganin ranar da ɗalibin lise a Magaria zai miƙe irin wannan waya a bayan ɗakinsu ba tare da an aiko masa da sammaci ba. Ƙa'ida ta bi tsawo da nauyi, gorar malam ba ta cikin lissafi.

Kwamin goma sha ɗaya ne a gundumomin nan biyu: Magaria, Bande, Dantchiao, Kwaya, Sassoumbroum, Wacha da Yekoua, sai Dungass, Dogo-Dogo, Gouchi da Malawa. Kowace na iya fitar da takarda mai sharuɗɗa biyar. Kada a kafa dogon turke kusa da aji ko asibiti da tazarar da ta gaza tsawonsa. A sanar da mai unguwa da kwamitin makaranta wata guda kafin a fara haƙa. A ajiye kwafin takardar injiniyan da ya duba tushe da wayar aradu a ma'aikatar magajin gari, a sabunta ta lokaci-lokaci. Gurup da tankin mai su yi nesa da zana, inda hali ya yi a sa farantan hasken rana. A liƙa allo a jikin shinge mai sunan mai turken da lambar da za a kira. Turakun da suka riga suka tsaya ba sai an tumɓuke su ba, a fara da duba su.

Ku masu filaye, kuɗin haya halal ne, amma maƙwabci na da haƙƙi, kuma ɗanka na cikin ajin da ke bayan katangar.

Ƴan uwana malamai, namu aikin ya fi sauƙi. A darasin awo na gaba, ku fita da yara da igiya ku auna daga gindin turken zuwa bangon aji mafi kusa. Ku kai lambar taron COGES, a rubuta wasiƙa zuwa ga kantoma, a kai kwafi ga sufeto da perfe, a tabbata an buga hatimi a kan wadda za ta zauna a ofishin darekta. A yi wannan tun da rani, kafin hadarin farko ya haɗo daga gabas. Mu da muka auna namu, taku goma sha biyu na babban mutum muka samu.